Adakar Ba Modu da Fatar Maraƙi

Shekarar da ciwon bushiya ya shiga shanu, ita ce shekarar da adakar Ba Modu ta shigo gidanmu. Ladi, ke za ki iya tunawa, don kina aji uku a lokacin. Yohanna kuwa yana goye. A shekarar nan idan mutum ya bi hanyar Dikwa ko ta Damboa, tun daga bakin gari yake toshe hanci. Shuwa da Fulani suna zaune a gindin itatuwa da sandunansu a kan gwiwa, babu abin korawa. Ungulu ta ƙoshi har ta kasa tashi. Fata kuwa ta cika kasuwa, ta yi arha har ana ba mu ita a bakin ladan dako. Ku riƙe maganar fatar nan, za mu dawo kanta.

Ina rubuta wannan da hannuna, ba wanda na sa ya rubuta mini. Hannuna yana tafiya a hankali, layi ɗaya yakan ɗauke ni lokacin da wani zai ci tuwo ya wanke hannu, amma ban damu ba, ba inda zan je. Abin da ya zaunar da ni shi ne wata magana da ta daɗe a gidanmu har ta zama kamar gaskiya. Kun tashi kuna jin cewa kifin uwarku ne ya lalata amanar Ba Modu, ya raba ni da mutumin da ya riƙe ni kamar ɗansa. A bikin Ladi ma na ji goggonku Asabe tana ba wata baƙuwa labarin a bakin murhu, ina zaune a kan benci ina ji, na sunkuyar da kai kamar ina duba takalmina. Ba kifin Rifkatu ba ne. Zan faɗa muku yadda aka yi tun daga farko.

Na zo Maiduguri daga ƙasar Biu ba ni da komai sai ƙarfi, na kama tura amalanke a babbar kasuwa. Mu 'yan amalanke muna da doka guda, ita ake fara koya wa sabon shiga tun kafin a nuna masa yadda ake tsayar da amalanke a gangara: ƙullin da aka ba ka, shi za ka mayar. Ba ka kwance igiya, ba ka leƙa buhu, ba ka tambayar abin da ke ciki. Ko buhu yana zuba, sai dai ka toshe da tsumma ta waje. Mai kaya yana duba ƙullinsa kafin ya dubi fuskarka. Idan ya same shi yadda ya ɗaure, gobe ma kai zai kira. Da wannan doka na ci abinci shekara goma sha huɗu a wurin Ba Modu, wani dattijo Babarbare mai sayar da tabarmi da igiya, wanda gidansa ke Abbaganaram. Yakan ce wa abokansa na kasuwa, ko zinariya aka ɗora wa Dauda, ba zai san zinariya ce ba har ya sauke. Ina jin daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata.

Yanar ido ta fara kama shi, sai ya yi niyyar aikin hajji, daga can kuma ya zauna wurin ƙanensa a Sudan a yi masa magani. Wata Laraba bayan la'asar ya kira ni gidansa, ya shigar da ni har ɗakinsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa na jawo wata koriyar adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya buɗe. Ƙanshin kafur da turare ya cika ɗakin. A sama akwai jar dara da wani mafici na gashin jimina, sai dardumai biyu masu nauyi, a ƙasa kuma alkyabba ja ta ulu, da ɗinkin zare mai ruwan zinariya a ƙirji. Kakansa ya zo da ita daga Fezzan a bayan raƙumi.

“Ka taɓa,” in ji shi.

“Ba, hannuna da datti.”

“Taɓa mana, Dauda na, ba ta cizo. Kakana ya sa ta ranar aurensa, ubana ya sa, ni na sa, babban ɗana Mala ya sa. Saura autana Kyari, yana karatu a Zariya. In na bar ta a gidan nan, kafin in wuce Gamboru, Mala ya kai wa masu sayen kayan da.”

“Ba, ni Kirista ne, kuma ɗan haya. Ga liman, ga 'yan'uwanka.”

“Liman yana da 'ya'ya, 'yan'uwana suna da baki. Kai ba ka buɗe abin da ba naka ba.” Ya lalubo tafin hannuna ya danna mini ɗan mabuɗi. “Ga shi. Ka riƙa duba min ita kamar taka.”

Maganganun nan biyu duk na ji su da kunnena. Ta farko na sa a zuciya, ta biyu na ɗauke ta irin maganar da mai gida yake yi wa baƙo in ya ce gida naka ne. Na ɗora adakar a amalanke, na rufe da tabarma, na turo ta har unguwarmu Moduganari.

Gidan da muke haya a lokacin ɗaki biyu ne da wani ɗan sito a gefe. A siton nan uwarku take ajiye kwalayen banda. Shekara tara tana sana'ar. Takan je ta tari motocin Baga da safe, ta zaɓi kifi da hanci da yatsa, ta zo ta shanya shi a kan kwano, ta kakkaɓe, ta jera. Mata har daga Galtimari suke zuwa wurinta, don sun ce bandar Maman Ladi ba ta gari a cikin miya. Ba mu da wani wuri mai ƙofa da kwaɗo sai siton, saboda haka nan na kai adakar, can ƙurya, nesa da kwalayenta. Washegari na je wurin baduku na sa ya ɗinke mabuɗin ruf a cikin jar fata, na rataya a wuya. So nake ranar da Ba Modu ya dawo in miƙa masa, ya shafa ɗinkin ya ji ba a taɓa shi ba.

Rifkatu ta gan shi a wuyana tana tankaɗe, ta kwashe da dariya.

“Baban Ladi, laya ka fara ɗaurawa? Bari Fasto ya gani.”

“Mabuɗi ne.”

“To mabuɗin da aka ɗinke, me zai buɗe?”

“Ba zai buɗe komai ba, Maman Ladi. Shi ya sa na ɗinke shi.”

“Mutum ya ba ka mabuɗi don yana so ka buɗe. Da ba ya so, ai da ya tafi da abinsa Makka.”

Na ce mata ta yi tankaɗenta, ba ta san aikin kaya ba.

Kada ku ce ban kula da adakar ba. Na kula da ita fiye da yadda na kula da ku. Abokan gaban da na sani su ne gara da ɓera da ruwa da ɓarawo, kuma kowanne na yi masa shiri. Na ɗora ta a kan bulo huɗu, na zagaye da toka, duk sati ina zuba kalanzir a gindin bango. Na toshe ramukan ɓera da siminti. Na liƙe tagar siton da kwali don kada wani ya leƙo, ɗakin ya yi duhu ko da tsakar rana. Da damina ta zo, kwano ya fara ɗiga daidai ƙuryar. A makon nan wani Bashuwe ya ba ni fatar maraƙi a bakin ladan dako, busasshiya, ba a jeme ta ba, mai gashi ja da fari. Na ce Allah ya kawo. Na kifa ta a kan adakar, gashin yana ƙasa don kada ta goge fentin, na ɗaure da igiya, na yi irin ƙullinmu. Na ja da baya na duba aikina, na ji daɗi.

A bazarar farko Rifkatu ta zo mini da wani abu a tafin hannu, ina cin abinci. Ƙwari ne ƙanana, kowanne bai fi ƙwayar ridi ba, masu zagaye, da ɗigo-ɗigon fari da ruwan ƙasa a baya. Ta ce ta kwaso su ne a jikin kwalin taga, inda ɗan haske ke shigowa. Tare da su akwai wasu ɓawo-ɓawo marasa nauyi, masu gashi, kamar tsutsa ta tuɓe riga ta tafi.

“A gindin adakar na share su. Jiya na share, yau sun dawo.”

“Na kifinki ne.”

“Na kifina na san su, Baban Ladi, shekara da shekaru muna faɗa da su. Baƙaƙe ne, manya. Waɗannan baƙi ne. Ka buɗe adakar nan a shanya kayan mutane, ga rana tana ɓata a banza.”

“Ke dai so kike ki ga abin da ke ciki.”

Ta tsaya tana kallona, sannan ta busa tafin hannunta, ɓawon ya tashi. Ba ta sake tada maganar ba sai a bazara ta biyu. Ran nan ta kira ni cikin siton, ta nuna mini wani jan gari mai laushi da ya taru a kan bulo, daidai inda kusurwar adakar ta yi tsatsa. Ta ce tsatsa ba ta da laushi haka, wannan zare ne. Ta ce in ba zan buɗe ba, in kira Fasto da liman su tsaya shaida ita ta buɗe. Na ce ranar da ta taɓa igiyar nan, ranar za ta koma gidan ubanta. Ban taɓa yi mata irin wannan magana ba sai ran nan. Ta ce to, ta ɗauki tsintsiyarta.

Ba Modu ya dawo bayan shekara biyu da 'yan watanni. Maganin bai yi ba, idon ya kusa rufewa gaba ɗaya. An sa bikin Kyari bayan ƙaramar salla. Wata Asabar da hantsi tasi ta tsaya a ƙofar gidanmu, Mala ya fito yana riƙe da hannun ubansa. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kwance igiya, na yaye fatar na wurga ta kan akurkin kaji, na fito da adakar na dire a gabansa.

“Wushe, sannu Dauda na. Ina Maman Ladi? Har Sudan ina tuna miyar bandarta.”

Na ciro abin wuyana na sa masa a hannu. Ya jujjuya shi, ya shafa.

“Mene ne wannan?”

“Mabuɗinka ne, Ba. Shafa ɗinkin ka ji. Yadda ka ba ni.”

Ya fara dariya, dariyar ta tsaya a tsakiya. Ya ɗago fuska wajen da muryata take.

“Ba ka taɓa buɗewa ba? Bazara biyu?”

“Ko sau ɗaya, Ba.”

“Innalillahi. Dauda, ni duk bazara nake shanya ta. Ubana ma haka. Don me na ba ka mabuɗi?”

Mala ya yanke ɗinkin da reza ya buɗe adakar. Babu ƙanshin kafur, sai wani wari kamar na tsohuwar sheƙar tsuntsu. Jar darar ta zama zobe, sai gefe da tuntu. Maficin ba gashi, sai tsinkaye. Dardumar farko da aka warware, tsakiyarta ta yi sanƙo fili guda, kamar an aske, farin zaren ƙasa kawai ake gani. Ta biyu rabi ya tafi. Alkyabbar kuwa daga sama kamar lafiya lau take, har na ja numfashi. Mala ya kama ta a kafaɗu ya ɗaga, ta rabu a kowane ninki, ta zube. Abin da ya rage a hannunsa ɗinkin zinariyar ne kaɗai yana reto kamar raga, don shi ba su ci ba. A gindin adakar ɓawon nan ne, irin wanda Rifkatu ta kawo mini a tafin hannu, ya kai a ɗiba da kwano, ga gajerun tsutsotsi masu gashi suna gudun haske.

“Ya sayar da ta gaske ya cusa mana tsumma!” in ji Mala. Maƙwabta suka fara shigowa.

Ba Modu ya miƙa hannu, aka sa masa ragar. Ya bi ta da yatsa a hankali tun daga wuya.

“Yi shiru, Mala. Ita ce. Na san ɗinkin.”

Mala ya leƙa siton, ya fito da kwalin banda ya buga da ƙasa. Baƙaƙen ƙwari biyu ko uku suka fito da gudu.

“Kifi! Ba, a ɗakin kifi suka ajiye alkyabbar kakanmu!”

Mutum ya kai goma sha biyar a tsakar gidan, kowa ni yake kallo. Ba Modu ya tambaye ni, ba da faɗa ba, ta ina ƙwaron ya shiga. Rifkatu tana tsaye a bayana da kwanon ruwan da ta kawo wa baƙi. Na buɗe baki na ce:

“Ba, kifin matata ne. Na sha gaya mata.”

Rabin farko, a lokacin ina so in yarda da shi. Rabi na biyu ƙarya ce tsagwaronta, na sani tun tana fita daga bakina. Na ji ƙarar kwanon da ta ajiye a ƙasa, a hankali, ko ɗigo bai zube ba. Ba Modu ya ce a taimaka masa ya tashi. Na ce zan turo masa adakar gida.

“Bar ta nan. Ba ni da idon da zan gan ta, ba ni da zuciyar da zan kai ta gida.”

Da yammacin ranar na ɗora kwali shida na bandar uwarku a amalanke, kifi mai kyau, wanda ta shanya da hannunta, na tura ta gaban duk unguwa na zubar a bola, don mutane su ga na ɗauki mataki. Mata suka riƙa zuwa da kwanukansu, tana fitowa ta ce babu, ta daina. A zumuntar matan coci wata ta ce mata cikin wasa kada ta zauna kusa da sabon mayafinta. Tun daga ran nan Rifkatu ta daina rera waƙa a gaba, ta koma bencin baya.

Bayan sati uku na yi wa wani dillalin fata dako, Alhaji Jidda, Bashuwe mai yawan raha. Ina da ƙwarin a cikin kwalin ashana, don ina so wanda ya sani ya ce mini na kifi ne in samu barci. Ya zazzage su a hannu, ya kai kusa da ido.

“Wa ya ce maka na kifi ne? Na kifi ɗan'uwansa ne, amma shi ƙato ne, baƙi, nama yake bi. Wannan malamin gashi ne. Ulu, gashin tsuntsu, gashin dabba, nan ne tuwonsa. Wasu suna ce masa asu, ba asu ba ne. Asu huda yake yi nan da can, wannan aski yake yi. Uwar ba ta cin komai, haske take bi, shi ya sa kake ganinta a taga. 'Ya'yan ne ɓarayin, su kuma duhu suke so da wurin da ba a motsawa.”

Na tambaye shi magani.

“Ka ga ranar garin nan? Ita ce likita, kuma ba ta karɓar ko sisi. Ka shanya, ka buga, ka goge ninki da burushi, ka share ɓawon ka ƙone. Abin da zai jure ruwan zafi ka dafa shi. In za ka mayar, sa kafur ko busasshen ganyen dalbejiya, bayan wata biyu ka sake buɗewa. Amma fa nemo inda suka fito, in ba haka ba aikin banza kake yi. Akwai sheƙar tsuntsu a rufinku? Ko wata fata da ba a jeme ba? Shekarar bushiya fatun nan duk da ƙwansu aka sayar da su. Kai, Dauda, lafiya? Ka bar ladanka!”

Ban san yadda na iso gida ba. Fatar tana nan a kan akurki inda na wurga ta. Na juya ta. Gefen gashin, wanda na kifa a kan adakar, ya zama sumul kamar tafin hannu, ba ja ba fari, sai ɓawo a manne a kowane lungu. Na shiga sito na duba murfin adakar, na ga inda bakinsa ya ɗan buɗe ta baya, daidai inda fatar ta kwanta shekara biyu. Ni na kawo su gidan, ni na shimfiɗa musu, ni na rufe musu taga, ni na ɗinke mabuɗi.

Na ja fatar bayan gida na zuba mata kalanzir na kunna. Rana tana tsaka. Rifkatu ta zagayo da Yohanna a hannu.

“Me kake ƙonawa, Baban Ladi?”

“Shara.”

Ta dubi wutar, ta dube ni. Ta jira. Na ɗauki kara ina tura fatar cikin wuta, ban ɗago ba. Da ta gaji da jira ta koma ciki.

Abin da Alhaji Jidda ya ce duk na yi, bayan ba sauran abin ceto. Kwana bakwai ina shanya rabin dardumar nan a kan kwano, ina bugu, ina gogewa. Na wanke adakar da tafasasshen ruwa, na cire kwalin taga, na share siton har ƙasa ta fito sabuwa. Na kai wa Ba Modu rabin dardumar da ragar zinariyar a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya karɓa ya yi godiya, ya tambayi lafiyar yara, ya ce in gaya wa Maman Ladi ya yafe mata. Na ce za ta ji. Nan ma ban gyara ba. Kyari ya yi aurensa da babbar riga irin ta kowa. Ba Modu bai kore ni ba, amma bai sake cewa Dauda na ba, kuma kafin shekara ta zagayo ya rasu yana ɗauke da abin da na gaya masa.

Za ku tambaya me ya hana ni magana. Na tambayi kaina fiye da yadda za ku tambaye ni. In na faɗi gaskiya, abu biyu zan faɗa a gaban mutanen da suka ji ta farko: cewa na yi ƙarya, da cewa amanar nan da ake yabona da ita, ita ta ci kayan. Kullum sai in ce gobe. Mutane suna cewa ni mai haƙuri ne, kuma gaskiya ne, ina iya jira. Na gano cewa mai haƙuri yana iya zama da mugun abu a cikinsa ya daɗe fiye da kowa. Rifkatu tana dafa abinci, tana wanki, tana gaishe ni da safe. Dariya ce kawai ta bar gidan.

Da kaka ta ce za ta je gida ta taya uwarta girbi. Ta bar Ladi saboda makaranta, ta ɗauki Yohanna. Na tura mata kaya har tashar Biu. Ta shiga mota ta zauna a bakin taga. Ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum biyu. Na tsaya ina riƙe da ƙarfen tagar, maimakon in faɗi gaskiyar, na ce ta gaida su Inna.

“Za su ji.” Ta gyara wa Yohanna hula. “Baban Ladi, ran nan na ji warin gashi. Shara ba ta wari haka.”

Motar ta tashi.

Ba ta dawo ba bayan girbi. Asabe ta zo ta riƙe mana gida, ta tarar da labarin a unguwa, ta ɗauka. Da Kirsimeti na je ƙauyen, gidan cike da danginta, na zauna na ci tuwo, na yi hirar dawa da ruwan sama, na dawo da maganata a ciki. Sau biyu na shiga layin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, in layi ya zo kaina sai in fita, don ba zan iya faɗa wa baƙon mutum abin da na kasa faɗa wa matata ba. Rifkatu ta iya karatu tun tana yarinya, ita take karanta mana Littafi da safe. Sai na ce abin da baki ya kasa, hannu zai yi. Na shiga ajin yaƙi da jahilci na cocinmu, Talata da Alhamis da ƙarfe huɗu. Hannun da ya saba da ƙarfen amalanke ya karya fensir ya fi goma. Wata bakwai ina fama. Na iya rubuta sunanta, na rubuta gaisuwa, na rubuta layi biyu. Ina so in ƙware tukuna, kada ta ga rubutun ta yi dariya, ko da yake yanzu da za ta yi dariyar da na ba da komai. Cikin damina wani direba ya tsaya a ƙofar gida ya cire hula. Amai da gudawa, kwana biyu. An riga an binne ta kafin saƙon ya iso.

Ban bar ajin ba, don ban san abin da zan yi da ƙarfe huɗu ba. Adakar tana nan a ɗakina, kun san ta, mabuɗin yana rataye a ƙusa. Duk bazara ina buɗe ta in shanya abin da ke ciki, ɗankwalinta na zumunta da takardar nan mai layi biyu. Ko ƙwaro ɗaya bai sake shiga ba. Ladi, ki karanta wa goggonki wannan da ƙarfi, ki karanta a gaban mijinki. Yohanna, kai ba za ka tuna muryarta ba. Ka sani sau biyu ta ga abin da ke zuwa, sau biyu ta faɗa, kuma ita ke da gaskiya.

Ga abin da ya tafi. Alkyabba ɗaya. Darduma ɗaya da rabi. Jar dara ɗaya. Mafici ɗaya. Kwali shida na kifi mai kyau, da sana'ar shekara tara. Yardar Ba Modu ta shekara goma sha huɗu. Sunan uwarku, shekara goma sha ɗaya a bakin mutane. Rifkatu.